Shekarar da Farare Suka Ƙi Wanki

Aikin farko da Baba Tanko, mai wanke wa 'yan ƙwallo kaya, ya ba ni a bakin kogi safa ce ƙwaya ɗaya. Ta wani mai tsaron baya ce da ya yini yana sharar ƙasa da ƙafa a filin bayan kasuwa, ranar da aka sha ruwan sama. Ya miƙo mini ita a kan tsinken kara, ya ce, "Rifkatu, in kin mayar da wannan fara, gobe ki dawo. In kin kasa, ki je ki soya ƙosai, ba abin kunya ba ne." Na dirje ta da ƙarfina duka har fatar yatsuna ta saɓule. Ta fito launin kunun kanwa. Baba Tanko ya ɗaga ta ya jujjuya, ya ce jar ƙasar Kaduna ba ta jin ƙarfi, in ka hau ta da dirza tana ɗanya ciki take ƙara shigewa. Sai a bar ta ta bushe, a kakkaɓe, a jiƙa da ruwan sanyi, sannan a zo maganar sabulu. Duk da haka ya ce in dawo gobe, don ya lura ban tofar da yawu ba lokacin da warin ya buge ni.

Ku da kuka buɗe shagunan wanki yanzu a Sabon Tasha da Mahuta, kuna zuba kaya a inji kuna danna waya har ya yi ƙara, na ji kuna cewa wanki ba sana'a ba ce, kowa ma ya iya. To ku matso. Inji bai san bambancin jar ƙasa da koren ciyawa da jinin gwiwa ba. Jini ruwan sanyi da gishiri yake so, ka sa masa ruwan zafi ya zama ɗan gida. Ciyawa sai lemun tsami da rana. Gumi sai kanwa kaɗan, in ta yi yawa ta cinye zaren. Bula kuwa, wadda ke sa fari ya yi ƙyalli, a tsumma ake ɗaure ta a kaɗa cikin ruwan ɗauraya. Wadda ta zuba ta kai tsaye, 'yan wasanta za su fita fili shuɗi-shuɗi kamar 'yan firamare. Lambar baya ba a ɗora mata dutsen guga, sai an juya rigar, kuma gawayin ya zama ya daina hayaƙi. Baba Tanko bai bar ni na taɓa dutsen nan ba sai da damina biyu ta wuce a kaina ina kan safa da wanduna.

Kulob ɗin da muke yi wa aiki sunansa na takarda dogo ne, da Turanci, ban taɓa wahalar da bakina da shi ba. Gari duka Farare yake ce musu. Alhaji Mamman ne ya kafa shi, wani ɗan kasuwa na Tudun Wada da bai taɓa buga ƙwallo ba ko da ta lemo ce, amma yana son jin sunansa a rediyo. Shi ya ce riga fara, wando fari, safa fara, don haka yake shiga ranar Juma'a. Da shi ke wankewa, na tabbata baƙi zai zaɓa.

Da farko tarkacen yara ne: kanikawa daga Makera, masu aikin masaƙa, wani tela, da ɗan wani fasto da ya gudo daga ƙungiyar mawaƙan coci. Suka fara cinye unguwanni. Suka ɗauki kofin jiha, suka sake, suka sake, har mai ajiyarsa ya daina tambayar inda za a kai shi. Suka hau babban lig suna bi gari-gari suna dukan mutane a gidajensu. A filinmu kuwa, baƙon da ya samu canjaras sai ya koma garinsu a yanka masa rago. Kofuna suka cika falon Alhaji har Hajiya ta fara zuba allurai da maɓallai a cikin ƙananan. Masu ba da tarihi a majalisa suna lissafa koci-koci da 'yan gaba. Ban taɓa jin sun ambaci wadda ta sa abokan karawa suke duban rigunansu suna jin kunya tun kafin a busa usur ba. Ni ce. Da bayan Baba Tanko ya ƙi miƙewa, ni ya miƙa wa baho biyu da dutsen guga da igiyar shanya, ya ce wa Alhaji kada ya nemi wata.

Ban shiga aji ba, lambobin nan na baya zane ne kawai a wurina. Amma ka rufe mini ido ka miƙo riga, zan gaya maka mai ita. Ta Bulus gola, gwiwar hannu da haƙarƙari ne ke cin ƙasa. Ta Kyaftin Sani, mai tsaron baya, ƙirji ne, don duk ƙwallon da ta zo da ƙirji yake tare ta kamar mai karɓar jariri. Akwai wani ɗan gefe, Habila, kyakkyawa, mai son madubi. Rigarsa kan dawo mini kamar yadda na ba shi. Ran nan na tambaye shi a gaban koci ko in ajiye masa ita haka sai wasa na gaba, tunda ba ta san an yi wasa ba. Daga ranar, in an kusa tashi, sai ka ga Habila ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, yana birgima. Magoya baya suna zagin alƙalin wasa, ni kuwa na san tsorona yake ji.

Yanzu ga shekarar da ku masu kallo kuke kira shekarar zinariya. A wurina ita ce muguwar shekara.

An yi mana rasuwa a ƙauye cikin damina, na tafi, ruwa ya cinye hanya, ban dawo da wuri ba. Kafin in iso an buga wasa biyu a jere, na biyun da kayan da ba a wanke ba. Kuma wasan da wata ƙungiya ce ta Kudu da ta daɗe tana wulaƙanta mu. Yaranmu suka yi mata dukan da har mai horar da ita ya bar aiki a tasha. Na dawo na tarar da buhunan kaya a ɗaure a kamp, gidan da 'yan wasa ke kwana, Kyaftin Sani yana zaune a kan ɗaya kamar mai gadi.

Na ce, "Sani, ɗaga in ɗauka."

Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Mun yi mitin."

"Mitin ɗin me?"

"Ba za a wanke ba. Sa'a ta shiga kayan nan. In kika sa musu sabulu, sai ta bi kwata."

Na duba fuskarsa ko wasa yake yi. Mutumin nan yana da mata da 'ya'ya. Na ce, "To duk kofunan da ke falon Alhaji, da ƙazanta kuka ɗauko su?"

Ya ce, "Waɗancan ƙoƙari ne, Mama. Wannan sa'a ce."

Na ce a raina wasa ɗaya za su sha kashi hankalinsu ya dawo. Suka ci. Suka sake ci. Mako ya bi mako ina zuwa kamp ina zama a gindin mangwaro kamar mai jiran gawa. Farare suka koma launin tukunyar ƙasa. Safa in an cire ta tsayawa take da kanta. Direban bas ɗinmu ya koma tuƙi da kai a waje. Ƙuraje suka feso wa yara a wuya da hammata, suna susa suna cin ƙwallo. Masu tsaron bayan wasu ƙungiyoyi suka daina manne wa 'yan gabanmu, koci kuma ya je rediyo yana cewa sabuwar dabara ce ya koyo a kwas. Da haka suka kai wasan ƙarshe na babban kofi, wanda ba mu taɓa ɗauka ba, kuma a nan Kaduna za a buga, a babban fili na ƙetaren gada.

Sai Alhaji ya aiko a kira ni. Na same shi a falo tsakiyar kofunansa yana ɓare goro.

Ya ce, "Rifkatu, ni ban saba ajiye mutum yana kallon kaya ba. In yaran nan sun ɗauki kofi da dattinsu, shi ke nan, ba za su sake yarda da sabulu ba, ke ma sai ki nemi wani abin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai kana so manyan baƙi su sha hannu da su a haka? Ga talabijin?"

Ya jefa goro a baki. Ya ce, "Ba na so. Matata ta hana su shigowa gidan nan. Amma ni ba zan buɗe baki in ce a wanke ba. In kin iya shawo kansu, ki wanke. In aka ci, aikinki na nan. In aka cinye mu da fararen kaya, kada ki biyo ta gada, ki san inda za ki ɓuya, don magoya baya sun san gidanki."

Na fito na nufi kamp da rana tsaka. Na tarar da Sani da Bulus gola a gindin mangwaro suna dara suna susa.

Na ce, "Sani, tambaya na zo yi, ni ba Musulma ba ce. In malam ya yi rubutu a allo ya wanke, ina rubutun yake tafiya?"

Ya ce, "Cikin ruwan."

"Ya ɓace ke nan?"

"A'a, Mama. Ai a nan ma yake aiki."

Na juya wajen Bulus. "Kai kuma, da aka yi maka baftisma, a busasshiyar ƙasa aka birgima ka?"

Ya ce, "A ruwa ne, Mama."

Na ce, "To ku duka biyu kun san ruwa ba ya zubar da abu, ɗauka yake yi. Sa'ar nan da kuka bari a safa tana bushewa, rana tana cin ta, ɓeraye suna lasa. Ku bar ni in wanke ta in tara muku a duro, kamar rubutu. Kowane wanki, in ɗebi ludayi ɗaya in zuba a ruwan ɗauraya. Ga fari, ga sa'a."

Suka dubi juna. Sani ya ce sai sun yi mitin. Mitin ɗin bai daɗe ba, don ƙurajen ma sun yi mini kamfe.

Wankin nan shi ne aikin da na fi alfahari da shi a rayuwata. Na shanya kayan tukuna na bubbuge su da sanda, ƙasar da ta zubo za ta yi kunyar gyaɗa. Na jiƙa da ruwan sanyi da kanwa. Ruwan farko ya fito kamar baƙin mai, kaji ma suka bar wurin. Shi na juye a duro, Sani yana tsaye yana lura kada ɗigo ya zuba ƙasa. Sannan sabulun soda, sannan lemun tsami, sannan na baza su a ciyawa rana ta yi nata, na sake, na kuma sake. Da na zo ɗauraya ta ƙarshe, na ɗaga ludayi sama kowa ya gani na zuba. Abin da ba su gani ba, na ƙara ɗauraya ɗaya a baya, don ba zan ɓata wahalata ba. Da na gama guga na jera su, Habila ya tsaya yana duba fuskarsa a ƙirjin riga. Na rufe duro da faranti na ɗora dutse, na tafi gida.

Safiyar wasa na dawo da kaya a ka. Dutsen yana ƙasa, ga moɗa a rataye a bakin duro, ruwan ya sauka fiye da kamu ɗaya. Na shiga ciki na tarar da Bulus zaune a bakin gado, fuskarsa kamar toka, hannu a ciki.

Na ce, "Bulus, me kuka yi?"

Ya ce, "Mama, ke kika ce kamar rubutu."

"Na ce kamar. Ka taɓa ganin malam yana rubutu da safa?"

"Kyaftin ne ya fara. Ya ce abin da ke riga gumi zai iya fitar da shi, amma na ciki yana ciki. Mu Kiristoci kuma muka ce shafawa za mu yi kawai. Sai muka ga in nasu ya shiga ciki, namu ya tsaya a fata, za a ce su suka kawo kofi."

"Moɗa nawa ka sha?"

Sai ya tashi ya wuce ni da sauri ya nufi bayan gida.

Duk 'yan wasan da za su fara bugawa sun sha, ban da Habila, wanda ya ce warin zai kama masa baki. Ruwan datti na makonni, ga kanwa. Koci yana zagaye tsakar gida yana salati yana kiran Yesu a lokaci guda, don bai san wanda zai fi saurin amsawa ba. Daga kamp zuwa gada ba nisa, amma bas ɗinmu ya yi ta tsayawa a hanya har mutane suka ɗauka gaisawa muke da magoya baya.

Da suka fito fili, filin ya ɗauki sowa, don an daɗe ba a ga Farare da fari ba. Ni ina zaune bayan benci da jakar wandunan canji a cinya. Kowa tsoron a zura mana ƙwallo yake yi. Ni tsorona daban ne. Wandunan nan farare ne, kuma ga talabijin.

Ban taɓa ganin ƙwallo irin ta ranar ba. Babu mai yanga, babu mai kwanciya yana ɓata lokaci, babu mai gardama da alƙali. In ƙwallo ta fita, ɗan wasanmu ne ke rugawa ya ɗauko. Bulus ya tsaya a raga gwiwoyi a haɗe, ya ƙi yin tsalle, ƙwallon da ta zo kusa ya kama, wadda ta yi nisa ya bi ta da addu'a. Ɗaya ta shige. Muka rama kafin hutun rabin lokaci. A hutun nan babu wanda ya saurari koci, layi suka yi a bayan ɗakin canza kaya, manya gaba.

Aka dawo, wasa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, lokaci yana ƙurewa. Ina ganin Sani ya matsa wajen alƙalin wasa ya tambaye shi wani abu. Daga baya ya gaya mini tambayar: in an tashi haka, me zai faru? Alƙali ya ce ƙarin lokaci, rabin awa, in ba a rabu ba sai fenariti. Sani, wanda tun da na san shi bai taɓa ƙetare layin tsakiya ba sai in za a canza gefe, ya karɓi ƙwallo daga hannun Bulus ya sa a gaba. Bai ba kowa ba. Ya wuce na farko, ya ture na biyu, na uku ya ga fuskarsa ya kauce da kansa. Ya narka ta a raga, kuma bai tsaya ba. Ya zagaye ragar, ya tsallake allunan talla, ya bi ta ƙofar 'yan sanda ya ɓace. Mai sharhi a rediyo yana ta ihu wai murna ta hana kyaftin tsayawa. Da aka busa tashi, sauran suka bi sawunsa a guje.

Shi ya sa in kun ga tsohon hoton nan da ake liƙawa a shagunan aski, na ranar da Farare suka ɗauki babban kofi, za ku ga koci, da 'yan benci, da Habila a tsakiya yana ɗaga kofi da rigarsa tas. Mutane suna cewa shi ne gwarzon wasan.

Bayan kwana biyu Alhaji ya kira ni. Sabon kofin yana kan tebur, ya fi duk sauran girma.

Ya ce, "Rifkatu, kin kusa kashe mini yara. Sani yana kwance ana yi masa ƙarin ruwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga kofi. Kuma na ƙirga wanduna, ko ɗaya bai ɓaci ba."

Ya rufe baki da hular da ke hannunsa, kafaɗunsa suna rawa. Da ya natsu ya ce ya je asibiti da niyyar ya gaya wa yaran zai sallame ni, sai Sani ya ɗago kai daga matashi ya ce, "Alhaji, in ka kori Mama wa zai riƙa haɗa mana? Ban taɓa jin gudu a ƙafata irin na ranar ba." Saboda haka aiki yana nan. Za a yi wa duro murfi da kwaɗo, mabuɗi a hannuna, kuma ludayi ɗaya a ruwan ɗauraya, ba a baki ba. Na ce na ji. Da mabuɗin nan a bakin zanena na ci gaba da wanke Farare har gwiwoyina suka ce sun gaji, kofuna kuma ba su daina zuwa ba.

Na miƙe na kai bakin ƙofa ina neman takalmina, sai ya ce, "Rifkatu." Na juyo. Ya leƙa ko Hajiya na kusa, ya rage murya.

"Mutane sun matsa mini in fito takarar ciyaman. Ko za ki ɗan zuba mini a kwalba?"

Na ce, "Na ɗauraya, Alhaji, ko irin na Sani?"

Ya daɗe yana kallon kofin nan. Ya ce, "Wanne ya fi saurin aiki?"

Na kai masa kwalbar, ban tambaye shi yadda ya yi da ita ba. Amma na je taron da ya buɗe kamfe da shi a Kakau, kuma har yau ban ji ɗan siyasar da ya yi gajeren jawabi irin na ranar ba.